Shugaba A Ranar Tsanani: Darasi Daga Shekarar Toka

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya ke jarraba bayinSa da ƙunci kamar yadda Ya ke jarraba su da wadata. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata magana da ta ke yawo a bakin mutane duk sa'ad da wata masifa ta auku, ko fari ne, ko annoba, ko gobara, ko karyewar arziki. Maganar kuwa ita ce, wai yanzu lokacin larura ne, ba lokacin bin ƙa'ida ba. Da wannan magana a ke buɗe rumbu ba a auna abin da aka ɗiba ba, da ita a ke kashe kuɗin jama'a ba a rubuta ba, da ita kuma shugaba ya ke daka wa na ƙasa da shi tsawa in ya nemi bayani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, gama shari'a da kanta ta san larura. Alƙur'ani mai girma ya yarje wa wanda yunwa ta kai shi bakin halaka ya ci mushe, muddin bai ƙetare iyaka ba. Malaman fiƙihu kuma sun kafa ƙa'ida cewa larura tana halatta abin da aka hana, sa'an nan suka ɗaure ta da wata ƙa'idar, cewa gwargwadon larura a ke ba da rangwame. To, abin tambaya shi ne: wannan rangwame na wane ne? Na shugaba ne, ko na waɗanda ya ke shugabanta?

Tambayar ba ta tsaya ga sarakuna da gwamnoni ba. Ta shafi shugaban makaranta wanda kuɗin abincin yara ya yanke masa a tsakiyar zango, da babban likita wanda annoba ta cika masa asibiti, da sarkin kasuwa ranar da wuta ta cinye rumfuna, har da maigida wanda hatsinsa ya ƙare tun damina ba ta sauka ba. Hadisi ingantacce ya kamanta kowane mai iko da makiyayi wanda za a tambaya game da abin da aka ba shi kiwo, bai kuwa ware shekarar fari daga cikin tambayar ba. Amsar da tarihin Musulunci ya bayar ita ce, shugaba na gari ya kan sassauta wa na ƙasa a ranar tsanani, ya tsananta wa kansa da mataimakansa. Mugun shugaba kuwa shi ke juya al'amarin, ya ɗauki rangwamen ya bar wa talaka dokar. Babu inda wannan ya fito fili kamar a Shekarar Toka.

A shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 639 ta Miladiyya, shekara biyar bayan Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya hau halifanci, ruwan sama ya ɗauke a ƙasar Hijaz da kewayenta. Ƙasa ta ƙone ta yi baƙi, iska tana kwasar ƙura mai kama da toka, shi ya sa Larabawa suka sa wa shekarar suna Amur Ramada, watau Shekarar Toka, kamar dai yadda Hausawa suka sa wa yunwar 1914 suna Kakalaba. Dabbobi suka yi ta mutuwa, waɗanda suka saura kuwa suka rame har mutum ya kan yanka tunkiya ya kasa cin namanta don ƙyama. Namun daji da kansu suka riƙa matsowa kusa da mutane. Haka aka zauna kimanin wata tara. Makiyayan daji, da suka ga dukiyarsu ta ƙare, sai suka kwaso mata da yara suka yi ta kwararowa Madina, suka yi sansani a gefen gari suna jiran abin da Halifa zai yi.

Abu na farko da Halifa ya yi, a kan cikinsa ya yi shi. An ruwaito cewa wata rana aka kawo masa gurasa da man shanu, ya kira wani baƙauye su ci tare. Sai ya ga mutumin yana bin gefen akushi da lomarsa yana suɗe maiƙon. Da ya tambaye shi, mutumin ya ce ya daɗe rabonsa da man shanu, bai ma ga mai cinsa ba. Nan take Umaru ya yi rantsuwa ba zai ƙara ɗanɗana man shanu ba sai jama'a sun farfaɗo, ya kuma bar nama da nono. Ya koma ga gurasa da man zaitun, abincin da cikinsa bai saba da shi ba, har launin jikinsa ya sauya ya yi duhu. Idan cikin ya yi ƙugi, sai ya taɓa shi da yatsa ya gaya masa ya yi ta ƙuginsa, babu abin da zai samu sai wannan har mutane su rayu. Wata rana aka kawo man shanu da nono kasuwa, wani yaronsa ya saya masa da dirhami 40, yana ganin ai rantsuwar ta warware tun da kayan sun samu. Umaru ya ce a ba da su sadaka, ya kuma faɗi dalilinsa, cewa ba ya ganin yadda al'amarin talakawa zai dame shi in abin da ya shafe su bai shafe shi ba.

Haka kuma wata rana aka soke raƙumi don ciyar da jama'a, masu dafuwa suka keɓe masa tozo da hanta. Da ya ji daga inda naman ya fito, sai ya ce a ɗauke, domin in ya ci mai daɗin ya bar wa mutane ƙasusuwa, to ya zama mugun shugaba ke nan. Bai bar iyalinsa a baya ba. Ya ga kankana a hannun wani ƙaramin ɗansa, ya yi masa faɗa a kan yadda ɗan Amirul Muminina zai ci kayan marmari al'ummar Annabi tana ramewa, bai kuwa sake ba sai da aka gaya masa da ƙwallayen dabino cikin tafin hannu yaron ya musanyo ta. Dama al'adarsa ce, duk sa'ad da zai hana jama'a wani abu, sai ya fara tara mutanen gidansa ya gargaɗe su cewa idon mutane yana kansu, wanda duk ya karya dokar a cikinsu zai ninka masa horo saboda kusancinsa da shi.

Mai hankali yana iya cewa, wace riba talaka ya ci don Halifa ya ƙi man shanu? Ludayi guda na mai ba zai ciyar da dubban mutane ba, shugaban da ya galabaita kuma bai iya aiki. Wannan suka tana da nauyi, kuma lalle shari'a ba ta wajabta wa kowane shugaba irin rantsuwar Umaru ba. Abin da ta wajabta masa shi ne kada ya fifita kansa da danginsa da dukiyar jama'a. Amma a lura da abin da rantsuwar ta haifar. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Shugaban da ya kwana da ƙoshi, yunwa labari ce a gare shi, ana kawo masa ita a takarda, ya na iya ɗage maganarta zuwa mako mai zuwa. Wanda cikinsa ke ƙugi ba ya ɗage ta ko zuwa gobe. Daɗin daɗawa, ranar tsanani shugaba ya kan nemi mutane su yi abin da ransu ba ya so, su haƙura da rabin kwano, su bi layi, su yi aiki dare da rana. Wannan umurni ba ya shiga kunne sai daga bakin wanda aka ga ya fara da kansa. Kuma ma'aikacin da ya ga an ɗauke tozo da hanta daga gaban Halifa, da wace fuska zai kai buhu gidansa? Umaru kuwa ba shi ya fara wannan ba. A Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana haƙa tare da sahabbansa yana ɗaukar ƙasa, da dutse ɗaure a cikinsa saboda yunwa.

Sai dai tausayi kaɗai ba ya raba abinci. Ibn Sa'ad ya kawo a cikin littafinsa na Ɗabaƙat, ta bakin Aslam baran Umaru, cewa Halifa ya zaɓi mutum huɗu, su ne Yazidu ɗan 'yar'uwar Namir, da Miswar ɗan Makhrama, da Abdurrahman ɗan Abdul Ƙari, da Abdullahi ɗan Utba ɗan Mas'ud, ya ɗora kowannensu a kan sashe guda na gefen Madina. Kullum da maraice sai su taru a gabansa, kowa ya ba da labarin abin da ya wakana a sashensa. Ma'aikata su kan tashi tun kafin asalatu su ɗora manyan tukwane, a fara da marasa lafiya. Wani dare Halifa ya ce a ƙidaya waɗanda suka ci abincin dare a wurinsa, aka sami mutum 7,000. Ya ce a ƙidaya iyalai da yara da marasa lafiya waɗanda a ke aika musu, aka sami 40,000. Bayan 'yan kwanaki mutane suka ƙaru, ya ce a sake ƙidaya, aka sami 10,000 a nan, 50,000 a can. Mai karatu ya duba wannan tsari da kyau. Kowane sashe yana da mutum guda sananne wanda za a kama in wani abu ya ɓaci. Bayani kullum ne, ba a jira sai ƙura ta lafa. Ƙidaya kuma ana sake ta, domin lissafin jiya ba ya ciyar da mutanen yau. Mutumin da ya fi kowa gaggawa a Madina shi ne ya fi kowa nacewa a kan lissafi, abin da ke nuna cewa gaggawa ba ta hana bin kadi, sai ga wanda dama ba ya son a bi.

Shi kansa Halifa bai zauna jiran labari kaɗai ba. Abu Huraira ya ce ya gan shi a wannan shekara da buhuna biyu a bayansa da salkar mai a hannu, suna karɓa-karɓa da Aslam, har suka isa wurin waɗansu gidaje kimanin 20 na ƙabilar Muharib, ya zauna ya dafa musu da hannunsa. Bai kuma ɓoye wa duniya halin da a ke ciki ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa na jihohi yana neman agaji da babbar murya, bai ji kunyar a ce fadar Halifa ta kasa ciyar da kanta ba. Abu Ubaida ɗan Jarrahi ya iso daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci, Amru ɗan Asi da sauran gwamnoni su ma suka turo nasu ayarin. Har ila yau Umaru ya bayyana abin da zai yi in duk wannan ya kasa, watau zai shigar wa kowane gida baƙi daidai da yawan mutanen gidan su raba abin da ke akwai, domin mutum ba ya mutuwa da rabin ciki.

Amfanin wannan fitowa fili ya kan bayyana in aka dubi waɗanda suka yi akasinsa. A farin da ya auka wa ƙasashen bakin Sahara da gabashin Afirka a farkon shekarun 1970, gwamnatin Sarkin Habasha Haile Selassie ta yi ta rufe labarin yunwar lardin Wollo don kare sunan ƙasa, har wani ɗan jaridar Ingila ya ɗauko hotunan masu mutuwa ya nuna wa duniya a 1973. Daga baya sojoji suka nuna wa mutanen Habasha hotunan nan a talabijin haɗe da na shagulgulan fada, washegari kuwa, ran 12 ga Satumba 1974, suka tuɓe Sarkin. A Nijar ma, da sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, cikin dalilan da suka bayar har da zargin cewa waɗansu manya sun karkatar da hatsin agaji. Ba a kawo wannan don yabon juyin mulki ba, gama shi ma yana da nasa sharrin. Abin lura shi ne, mutane sun san ruwan sama ba a hannun shugaba ya ke ba, suna kuwa yi masa uzuri a kan fari. Abin da ba su yafewa shi ne a ɓoye musu gaskiya, ko a ci rabonsu suna kallo.

To, ina rangwamen larura ya tafi a Shekarar Toka, tun da Halifa bai ɗauka wa kansa ba? Ya tafi ga masu rauni. Umaru bai aika masu karɓar zakka ba a wannan shekara. Sai da ruwa ya sauka dabbobi suka farfaɗo sa'an nan ya sa aka karɓi ta shekara biyu, aka raba kashi guda a inda aka karɓa, aka kawo masa kashi guda. Haka kuma bai zartar da haddin sata ba a shekarar yunwa, domin yunwa shubuha ce, haddi kuwa ba ya tsayawa a kan shubuha. Akwai wata shari'a da ya yanke a zamanin halifancinsa, wadda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, mai bayyana yadda ya ke kallon irin wannan al'amari. Bayin Haɗibu ɗan Abu Balta'a suka sace taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka soke. Umaru ya fara ba da umurni a yanke musu hannu, sa'an nan ya tsaya, ya ce yana ganin ubangidansu ne ke barinsu da yunwa. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce dirhami 400. Umaru ya sa ubangidan ya biya 800. Imamu Malik ya bayyana cewa ba a aiki da ninkin nan a Madina, ƙimar dabba kaɗai a ke biya, wannan kuwa magana ce ta fiƙihu. Amma darasin shugabanci yana nan daram. Da laifi ya auku a ƙasa, Halifa ya ɗaga kai ya dubi sama, ya nemi wanda sakacinsa ya haifi laifin. Yawancin masu iko kuwa, in abu ya ɓaci a ƙarƙashinsu, masinja da maigadi su ke fara nema.

Wani kuma yana iya cewa, to an ji maganar amana da lissafi, ina maganar kyawun hali? Ai Umaru sananne ne da zafi. Shi ne mai rubuta dukiyar gwamna ranar naɗi don a gwada ta da ta ranar sauka, shi ne mai aika Muhammadu ɗan Maslama ya binciki ƙarar da aka kai a kan gwamnoni, shi ne kuma mai tara su lokacin aikin Hajji a gaban masu ƙara. Amsa ita ce, mutane sun saba ɗaukar kyawun hali a kan fara'a da taushin murya, alhali kuwa halin shugaba ya fi bayyana sa'ad da na ƙasa da shi ya saɓa masa a bainar jama'a. A cikin wannan tsakanin ne annobar Amwas ta ɓarke a Sham. Umaru ya kama hanya, da ya kai wani wuri da a ke kira Sarag sai shugabannin runduna suka tarye shi da labarin annobar. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajirai na farko, suka rabu biyu. Ya kira Ansaru, su ma suka rabu. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan ya koma da jama'a. Da ya ba da sanarwar komawa, sai Abu Ubaida ya tambaye shi a gaban kowa ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Tambaya ce mai zafi ga mutum irin Umaru. Bai tuɓe shi ba, bai kuma tuna masa wane ne Halifa ba. Ya nuna dai ya so a ce wani ne ya faɗi haka, sa'an nan ya amsa da hujja, cewa gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, duk wanda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ke, ya kuma hana fita daga cikinsa don gudu. Umaru ya yi godiya ga Allah ya juya.

Saɓanin nan bai rage ƙaunar da ke tsakaninsu ba. Bayan haka Halifa ya rubuta wa Abu Ubaida yana kiransa Madina da wata bukata, shi kuwa ya gane so a ke a fitar da shi daga cikin annoba, sai ya nemi afuwa, ya ce yana cikin rundunar Musulmi kuma ba ya son ya fifita ransa a kan nasu. A can ya rasu, haka Mu'azu ɗan Jabal wanda ya gaje shi. Wannan shi ne irin mataimakan da shugaba mai jure gaskiya ya ke tarawa. Wanda ba ya jure ta kuwa, 'yan amshin Shata ya ke tarawa, ranar da ya fi bukatar a gaya masa ramin da ke gabansa, ranar ce kowa zai ce masa hanya lafiya lau.

Tushen wannan hali yana cikin abin da ya biyo bayan Yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Manzon Allah ya so a tsaya cikin Madina, amma da ya yi shawara ya ga rinjaye yana wajen fita, sai ya fita. Ya ajiye maharba 50 a kan tudu ya hana su sauka, yawancinsu suka sauka, abin da ya jawo shahadar kimanin Musulmi 70, har da Sayyidina Hamza. In da akwai ranar da shugaba zai ce daga yau ba ya ƙara jin shawarar kowa, to wannan ce. Amma ayoyin da suka sauka a cikin Suratu Ali Imrana sun ambaci kuskuren a fili ba su rufe shi ba, sa'an nan suka yaba taushin halin Annabi ga mutanensa, suka umurce shi da yafe musu, da nema musu gafara, da ci gaba da shawara da su. Watau faɗin laifi da riƙe mai laifi a cikin jama'a suna tafiya tare. Shugaban da ya rufe kuskure don gudun ɓacin rai ya ci amana, wanda kuma ya wulaƙanta mai kuskure ya koya wa saura su riƙa ɓoye nasu.

Akwai wani abu a labarin Shekarar Toka wanda masu ba da shi su kan tsallake, alhali kuwa ya kamata a ji shi. Duk da wannan ƙoƙari, mutuwa ta yi ɓarna ƙwarai a cikin baƙin da suka taru, har Aslam ya ƙiyasta cewa kashi biyu cikin uku sun mutu. Ashe shugabanci na gari ba ya lamunce cewa ba za a yi hasara ba. Da sakamako kaɗai a ke auna shugaba, da an ce Umaru ya kasa. Amma babu wanda ya faɗi haka a cikin waɗanda suka ga shekarar, domin sun ga inda kowane buhu ya shiga, sun kuma ga jikin Halifa. Aslam ya ce su kan faɗa a tsakaninsu cewa da Allah bai yaye farin ba, da baƙin cikin halin Musulmi ya kashe Umaru. Da dare ya kan roƙi Allah kada Ya sa halakar al'ummar Annabi ta zama a hannunsa. Da aka fita roƙon ruwa kuwa, sai ya gabatar da Abbas, baffan Manzon Allah, ya yi addu'a, Allah kuma Ya saukar da ruwa. Mutumin da ya ɗauki nauyin wahalar duka a kansa, da aka zo wurin da za a ce albarkacin wane aka samu, sai ya tura wani gaba. Abin da aka fi gani a wurin masu iko shi ne akasin haka, nasara tasu ce, hasara kuwa ta mataimaka.

Saukar ruwa ba ta rufe littafin ba. Halifa ya sa mutanen nan huɗu kowa ya sallami baƙin sashensa, a ba su guzuri da abin hawa su koma makiyayarsu, shi ma yana cikin masu rakiya. Bayan an ci ƙasar Masar kuma, Amru ɗan Asi ya sake haƙa tsohuwar hanyar ruwa da ta haɗa Kogin Nilu da Bahar Maliya, bisa umurninsa, jiragen hatsi suka riƙa zuwa tashar Jar wadda ke ciyar da Madina. Aka riƙa kiran hanyar da sunan Amirul Muminina. Wanda ya ɗanɗani yunwa da cikinsa ba ya mance ta da zarar ciyawa ta tsiro.

Saboda haka duk wanda Allah Ya ɗora wa jagorancin mutane, ko goma ne ko dubu goma, in tsanani ya zo yana da ma'aunin da zai auna kansa. Ya duba ko abin da aka rage wa na ƙasa an rage masa shi ma, ko kuwa albashin ma'aikata ne ya tsaya alawus ɗinsa yana tafiya. Ya duba ko kowane aiki yana da mai shi sananne, ko akwai littafin da a ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, wanda zai iya buɗewa a gaban kowa ba tare da gabansa ya faɗi ba, gama ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ya duba ko ya gaya wa mutanensa ainihin halin da a ke ciki, da kuma yaushe rabon da wani a cikinsu ya ce masa ya yi kuskure ya kwana lafiya a kan aikinsa. In abu ya ɓaci, ya duba wajen da idonsa ya fara zuwa, sama ko ƙasa. Su kuma mabiya suna da nasu rabon, domin mutanen nan huɗu da masu ɗora tukwane kafin asalatu ba su ce aikin Halifa ne shi kaɗai ba, Abu Ubaida kuma bai yi shiru ba sa'ad da ya ga abin da ya ke zaton kuskure ne, bai kuma ƙi biyayya ba bayan an yanke hukunci.

Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya karɓi girman shugabanci a ranar daɗi, da gaisuwarsa da kujerarsa, ya ci ladan ke nan, ranar tsanani kuwa ita ce ranar askin. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya haɗa su da mashawarta masu faɗin gaskiya, Ya yaye wa al'umma ƙunci da fari da annoba, Ya sa a gama da duniya lafiya. Amin.